Daga Zauren Zango: Jirgin Kara Ma Yana Son Awo Da Mazauni

  

A wannan wata za mu ɗan huta da maganar kasuwa da tsadar kaya, mu waiwayi wani abu da ke gabanmu kullum amma ba mu cika tsayawa mu dube shi ba, wato 'yan jiragen saman nan da yaranmu ke ƙerawa. Duk wanda ya ratsa lungunan Zango a irin wannan lokaci, bayan an girbe dawa kara ya samu, ya san abin da muke nufi. Za ka tarar da yara uku ko huɗu a gindin bango, wannan yana feƙe kara da tsohuwar reza, wancan yana yanka gwangwanin madara, ɗayan kuma yana lanƙwasa waya da haƙori. Kafin la'asar sun haɗa tirela irin masu ɗaukar kaya daga Paraku zuwa Malanbil da Gaya, ko kuwa jirgin sama mai farfela wadda ke juyawa idan yaro ya ruga da gudu. Kafin magariba kuwa akuya ta taka shi, ko ƙanen mai shi ya karya, ko an share shi an zuba a juji, an kuma bi mai shi da faɗa cewa ya bar shiririta ya je ya ɗebo ruwa.

Hausawa dai sun ce wasa farin girki. A ganinmu abu biyu ne suka rage wa wannan wasa ya zama ilmi: na farko awo, na biyu mazauni. Hannu yana nan, basira tana nan, kayan aiki kuma suna zube a gona da bayan gida. Waɗannan biyun ne yaro ba zai iya ba kansa ba, sai babba ya nuna masa.

Jirgin kwali

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan wannan wasa ya daɗe da zama harka mai kamfanoni, kuma ba yara kaɗai ke yin sa ba, har da dattawa masu furfura. Ana sayar da jirgin ne a cikin kwali, amma a wargaje: gangar jiki rabi biyu, fukafukai, wutsiya, ƙafafu, farfela, duk an zuba su da roba mai tauri, suna maƙale a jikin wasu 'yan sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe. A cikin kwalin akwai takarda mai nuna abin da za a fara haɗawa da abin da zai biyo baya. Akwai kuma wata 'yar takarda mai ɗauke da tuta da lambobi da sunan kamfanin jirgin, wadda ake jiƙawa a ruwa, zanen ya zame, a ɗora shi a jikin jirgin. Mai haɗawa zai yanke kowane yanki ya goge bakinsa, ya gwada shi ba tare da gam ba ya ga ko ya zauna daidai, sannan ya manna, ya cike tsagar da ta rage, ya yi fenti. Wani jirgin aikin yini guda ne, wani kuwa sai a shafe watanni ana kansa.

A Ingila aka fara sayar da irin waɗannan jirage na roba a 1936, da sunan Frog Penguin, kafin kamfanin Airfix ya cika kasuwa da su a shekarun 1950. A Faransa kuwa kamfanin Heller, wanda aka kafa a 1957, ya fara ne da jirgin Caravelle. Dattawanmu sun san wannan jirgi, domin yana cikin waɗanda Air Afrique ya yi aiki da su, wato kamfanin nan da ƙasashe 11, ciki har da Dahomey da Nijar, suka rattaba hannu kan kafa shi a Yawunde a 1961, ya kuma durƙushe a 2002.

To, ba muna kira ba ne a je a sayo irin wannan kwali. Da wuya ka ci karo da shi a kasuwar Arzeke ko a kasuwar Jugu, idan ma an samu, kuɗinsa ya isa cefanen gida na kwanaki. Abin da muke so mu ɗauko daga kwalin shi ne wata 'yar lamba da ake bugawa a gefensa: 1:72, ko 1:100, ko 1:144. Ma'anarta ita ce an raba kowane awo na jirgin gaske gida 72, ko gida 100, ko gida 144, aka ɗauki kashi ɗaya. Tsawon jirgin, faɗin fukafukansa, girman taya, ƙofa da taga, duk rabo ɗaya aka yi musu, shi ya sa idan ka dubi ƙaramin sai ka ga kamar babban ne ka hango daga nesa. Ita 72 ɗin daga awon Ingilishi ta fito, domin ƙafa shida inci 72 ce, saboda haka mutum mai tsawon ƙafa shida sai ya koma inci ɗaya.

Maganar awo

Mu da muke amfani da mita, rabon da ya fi mana sauƙi shi ne ɗaya cikin 100, domin kowace mita guda ta jirgin gaske sai ta koma santimita guda. Ɗauki Caravelle ɗin nan. Tsawonsa kimanin mita 32 ne, daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen ɗaya kuma kimanin mita 34. Ke nan na yaro zai zama santimita 32 a tsaye, 34 a kwance. A nan yaro zai fara mamaki, don zai ga ashe faɗin fukafukan ya ɗara tsawon jirgin, alhali idan da ido ya ƙera, kusan kullum sai ya yi fukafukai gajeru, ciki ƙato, tayoyi manya kamar na tarakta. Ido yana ruɗin mai shi, rula ce ke gyara masa.

Idan jirgin babba ne sai a ƙara rabon. Boeing 747-400 tsawonsa ya ɗan haura mita 70, fukafukansa kuma mita 64 da ɗoriya. A rabon 100 zai cinye rabin tabarma, amma a rabon 200 sai ya dawo santimita 35 da 32, ya zauna a kan teburin mai shayi. Samun waɗannan awo ba wuya a yau, duk saurayin da ke riƙe da waya mai intanet zai iya nemo su kafin shayi ya huce. Lissafin da ya rage kuwa shi ne rabawar nan da ake koya wa yara a azuzuwan ƙarshe na firamare, wadda da yawansu ke jin tsoro idan jarrabawar CEP ta matso. Yaron da ya raba mita 64 gida 200 da kansa, ya yanka fiffike a kan amsar, ya ga ya yi daidai da gangar jikin, ba ya bukatar bulala kafin ya riƙe darasin.

Kafin a taɓa reza, sai a zana jirgin a kan takardar buhun siminti ko bayan kwali, sau uku: yadda yake idan an dube shi daga sama, daga gefe, da kuma daga gaba. A kan wannan zane za a riƙa ɗora kowane yanki ana gwadawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai ɗinkin babbar riga ba ya soka allura sai ya zana aska takwas a kan ƙyalle. Kakanninmu da suka riƙa sauka a Wangara ta Jugu, wadda suke kira Zugu, a kan hanyarsu ta fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano, mutanen awo ne: goro da ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari, hatsi da mudu, ƙyalle da kamu, igiya da gaba. Abin da ya sauya kawai shi ne duniyar yau da santimita take magana.

Wanda ke neman jirgin da zai fara da shi, ga shawara. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, ƙirar DH.9A, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a filin dawaki na Kano, kuma su ne jiragen farko da suka sauka a Nijeriya. Irin jiragen nan ne masu fukafukai biyu-biyu, sama da ƙasa, kuma da katako da ƙyalle da waya aka gina su, saboda haka kara da takarda da zare sun dace da su ƙwarai. Faɗin fukafukansu mita 14, tsawonsu ya ɗan haura mita 9. A rabon 50 ke nan santimita 28 da 18, daidai hannun yaro, ga shi kuma ya koyi wani yanki na tarihin ƙasar kakanninsa.

Kayan aiki kuwa, totuwar kara ta fi kome sauƙin feƙewa, ɓawon karan kuma shi ne ƙusa. Cikin gwangwala ya fi ta ƙarfi, kuma yana karɓar guga ya yi sumul. Guntun katakon malaina ko na rimi ya dace da gangar jiki, kwalin sabulu ko gwangwani da fukafukai, tsohon silifa da tayoyi, robar kwalbar ruwa da gilashin gaban matuƙi. Inda tsaga ta rage sai a kwaɓa garin katako da farin gam na kafintoci a cike, idan ya bushe a goge. Fenti kuma a tsinka shi a shafa sau biyu ko uku, ya fi a lafta shi sau ɗaya ya toshe tagogi. Sai dai muna jan kunne: bakin gwangwani yana yanka, a lanƙwasa shi da filaya, ƙaramin yaro kuma kada a bar shi da reza shi kaɗai. Sholisho kuwa, wanda muka san ɓarnar da shaƙarsa ke yi wa samari, kada ya shiga wannan aiki sam.

Akwai wata matsala da duk mai haɗa jirgi ya sani, na kwali ne ko na kara. Jirgin da ke da taya ɗaya a hanci, biyu a tsakiya, da zarar an ajiye shi sai ya zauna da wutsiya, hanci a sama kamar kaza tana shan ruwa, saboda abin da ke bayan tayoyin tsakiya ya fi na gabansu nauyi. Maganin shi ne a saka noti ko 'yan ƙusoshi a cikin hancin tun kafin a rufe gangar jikin, sannan a ɗora jirgin a kan fensir daidai inda tayoyin tsakiya za su zauna, a riƙa ƙara nauyi har sai ya rinjaya gaba kaɗan. Kada a bar yaro ya fasa tsohon batir don neman dalma, guba ce.

Wannan ɗan gwaji na fensir yana kama da wasa, amma a kan irinsa rayuka ke rataye a jirgin gaske. Mutanen ƙasar nan ba su manta da ranar 25 ga Disamba, 2003 ba, lokacin da wani Boeing 727 mai shirin zuwa Beirut ya kasa tashi daga filin jirgin Kwatano, ya faɗi a bakin teku, mutane fiye da 130 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa kaya sun yi wa jirgin yawa, kuma nauyin ya rinjaya gaba fiye da yadda matuƙan suka sani. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaron da ya san tun yana ƙarami cewa nauyi yana da wurin zama, ko lodin babbar mota ya tashi yi nan gaba, da wannan sanin zai yi.

Mazauni

Yanzu sai abu na biyu, wanda muke ganin an fi raina shi. Masu wannan harka a waje ba sa ɗaukar jirgi ya kammala sai sun yi masa abin da zai zauna a kai, wani lokaci ma aikin mazaunin ya fi na jirgin cin lokaci. Mu ma haka ya kamata, domin abin da aka yasar a ƙasa shara ne a idon mai tsintsiya, ko da kwana goma aka yi ana ƙera shi.

Sai a roƙi kafinta guntun falanki, na malaina ko na tik ɗin nan da ke da yawa a yankinmu. A yanka shi ya ɗara jirgin da kamar yatsu biyu ta kowane gefe, don kada fiffike ya leƙo waje hannun riga ya fizge shi. A goge gefensa, a shafa masa banish sama da ƙasa, domin idan fuska ɗaya kawai aka shafa, da damina ta sauka sai ya lanƙwashe, ga kuma gara. Kafin a manna kome sai a gwada jirgin a wurare daban-daban a kan katakon. Za a ga idan aka ɗan karkata shi, hancinsa na duban kusurwa, ya fi kyan gani a kan a miƙe shi sak da gefen katakon kamar gawa a makara.

Daga nan sai a yanke shawara: jirgin yana sama ne ko yana ƙasa. Idan yana sama, wayar ƙafar keke ta wadatar. A huda katakon a kafa ta, a huda cikin jirgin daidai wurin da ya daidaita a kan fensir, a ɗan ɗaga hancinsa kamar mai tashi, tayoyin kuma a naɗe su ciki idan irin jirgin da ke naɗewa ne. Katakon ya kasance mai nauyi don kada iska ta kifar. Idan kuwa yana ƙasa, sai a soka 'yar siririyar waya daga cikin kowace taya zuwa cikin katakon, yadda ko an ɗaga mazaunin jirgin ba zai zame ba.

Ƙasar da jirgin zai taka ita ma tana bin rabon nan, kuma a nan ne mafi yawa ke tuntuɓe. A rabon 100, ƙwayar yashi mai kaurin milimita ɗaya dutse ce mai santimita 10, tsakuwa mai rabin santimita kuwa dutse ne mai rabin mita, wanda ba jirgin da zai sauka a kansa ya tashi. Saboda haka jar ƙasarmu sai an daka ta an tankaɗe da rariya mai laushi, ko a tace ta da tsohon gyale. A tsinka farin gam da ruwa a shafe katakon, a barbaɗa ƙasar, a bar shi ya kwana, da safe a kife a karkaɗe abin da bai kama ba. Wannan shi ya dace da jirgin Kano na 1925. Wanda ke son kwalta sai ya je bakin titi ya duba da kyau, zai ga kwaltar da ta sha rana ba baƙa ƙirin ba ce, ruwan toka ce, da dabbare-dabbaren mai da sawun taya. Ana fitar da sawun da garin gawayi a kan yatsa. Wanda ke son daɓen kankare irin na inda jirage ke tsayawa sai ya manna kwali mai santsi, ya yi masa fenti ruwan toka, ya ja layuka da fensir murabba'i-murabba'i, tazarar kamar santimita 5. Ciyawar damina garin katako ne da aka rina kore, ta rani kuwa zaren tsohuwar igiyar rama ne da aka yayyanka ƙanana.

Lambobin da ake rubutawa a bakin titin jirgi ma ba ado ba ne. Suna nuna inda titin ya fuskanta a ma'aunin kamfas, an cire sifirin ƙarshe. Titin filin jirgin Kwatano yana ɗauke da 06 a baki ɗaya, 24 a ɗaya bakin, haka ma babban titin filin Malam Aminu Kano. Ma'anar 06 ita ce digiri 60 daga arewa idan an juya ta gabas, wanda bai yi nisa da alƙiblarmu ta nan ba, 24 kuma kishiyarta ce, digiri 240. Kullum bambancin lambobin biyu 18 ne. Yaron da ya rubuta 06 a bakin nasa titin ya san me ya rubuta.

Yana da kyau a ajiye wani abu da ido ya saba da shi a gefen jirgin, don mai kallo ya gane girmansa. A rabon 100 mutum bai kai santimita 2 ba, wato ƙasa da rabin tsinken ashana. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da mutum-mutumi ba sai ya sa 'yar mota, ko tsani, ko durom ɗin mai, duk sun biya bukata, muddin dai an bi rabo ɗaya da jirgin.

Na ƙarshe, kuma wanda muka fi ba muhimmanci, shi ne rubutu a gaban katakon: sunan jirgin, rabon da aka bi, shekarar da aka ƙera, da sunan wanda ya ƙera da unguwarsu. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, a ƙara da Faransanci don maƙwabta. Yaranmu suna tashi da Dendi a titi, Faransanci a lakwal, ba kasafai suke ganin harshen gidansu a rubuce a jikin abin alfahari ba. Sannan a nema wa aikin rufi, ko na gilashi daga guntayen masu haɗa tagogi, ko na farar leda mai kauri, saboda ƙurar hunturu. A kuma kauce wa inda rana ke dukansa, domin tana kashe fenti, tana sakin gam. Jirgin da ke kan katako da suna a gabansa, a kan kanta ko saman kabad, ba mai share shi. Baƙo zai tambaya, dole yaro ya yi bayani, baɗi kuma idan ya ƙera wani yana da abin da zai gwada da shi ya ga ko ya ci gaba.

Ina amfanin?

Mun san akwai mai cewa, duk wannan wahala a kan abin da ba ya kawo ko dala? To, mu duba. Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan na Amurka da suka fara tashi da jirgi mai inji a ranar 17 ga Disamba, 1903, masu gyaran keke ne. A 1878, suna yara, mahaifinsu ya kawo musu wani ɗan abin wasa na gora da takarda mai tashi da roba, da ya lalace suka ƙera nasu. Da suka girma kuma, a 1901, sai da suka gwada ƙananan fukafukai kimanin 200 a cikin wani akwati da suke hura wa iska, suna rubuta awon kowanne, kafin suka gina babban. Tashin farko daƙiƙa 12 ne kacal.

A gida kuma ga Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya tashi da zanen motoci tun yana yaro. Ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka ya kammala a 1994, ya shiga kamfanin General Motors, kuma shi ya zana siffar motar lantarki Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A irin wannan aiki nasu, da wani irin yumɓu ake fara sassaƙa motar, ƙarama sannan babba, kafin a taɓa ƙarfe. A shekarar 2007 ɗin dai, wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen motoci da babura, har labarinsa ya zaga duniya. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, kuma ba shi da na'urorin auna nisa daga ƙasa da yanayin iska. Basira ta kai shi inda ta kai shi, sauran tafiyar ta kayan awo ce da masu tallafi.

Makarantun wannan fanni ma ba a bayan duniya suke ba. Akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Akwai EAMAC a Yamai tun 1963, makarantar hukumar ASECNA wadda ƙasarmu ke cikinta, inda ake horar da masu ba jirage hanya da masu duba yanayi da masu gyaran na'urorin filin jirgi. Ana shiga ne ta jarrabawa, jarrabawar kuma lissafi da kimiyya take tambaya.

Ba mu ce duk yaron da ya feƙe kara zai zama matuƙi ba. Mafi yawansu a nan za su zauna tare da mu, su zama masu walda, kafintoci, teloli, magina, makanikai, masu haɗa ƙofofin alminiyam. Amma mun sha gani a garuruwan nan, idan babban aiki ya zo da takardar zane, wanda ya iya karanta zanen shi ke karɓar kwangila, wanda ya fi shi hannu amma bai iya ba sai ya koma yi masa aikin yini. Mu 'yan Zango ba mu da gonakin gado masu yawa a nan, ba mu da yawa a ofisoshi, jarinmu kasuwa ce da sana'ar hannu. Idan muka bar 'ya'yanmu da ƙiyasin ido kaɗai, mun rage musu rabin wannan jari.

Saboda haka muna roƙon iyaye, idan an ga yaro ko yarinya da wannan sha'awa, a saya masa rula da fensir, a ware masa lokaci bayan makarantar allo da aiken gida, a kuma ba aikinsa wuri a ɗaki. Muna roƙon kafintoci da masu gilashi, guntayen da kuke ƙonawa ko zubarwa ku riƙa ajiye wa yaran unguwa. Malaman lakwal da na Islamiyya kuma, ranar rabon sakamako ku ware tebur guda a jera irin waɗannan ayyuka iyaye su gani. Idan sarakunan Zango da ƙungiyoyin samari na Paraku da Jugu suka ga dama, sai a shirya gasa a babban hutu, da sharaɗi biyu kawai: kowane jirgi ya zo a kan mazauninsa da rabonsa a rubuce, alƙalai kuma su zo da rula su auna. Kyautar ba sai ta yi tsada ba, filaya da ƙaramin zarto da gwangwanin fenti sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk wanda ɗansa ko almajirinsa ya gwada abin da muka zayyana, muna so ya aiko mana da hoto da awon da aka bi, za mu roƙi edita ya ba mu gurbi a wannan shafi. A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuriya, ya sa musu albarka a hannu da ƙwaƙwalwa. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.